An Sa Manyan Nozul, Mota Ta Koma Hayaƙi: Aikin da Ya Rage

 Gaisuwa ta musamman ga direbobin da ke kan hanya yanzu haka, da makanikai da yaransu da suka ɗora rediyo a kan benci, hannu na aiki kunne na saurare. Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa.

Yau maganarmu a kan nozul ce, wato injekta, ɗan bututun nan da ke fesa fetur cikin injin motocin da suka gaji masu kafireta. Abin da za mu duba shi ne abin da ke biyo baya idan aka cire nozul ɗin da mota ta zo da shi aka sa wanda ya fi shi girma. Mutane iri biyu ne ke samun kansu a wannan hali. Akwai matasa masu son gudu, waɗanda suka ɗora wa injin turbo ko suka ƙara masa ƙarfi ta wata hanya, suka sayi manyan nozul da saninsu. Akwai kuma waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba: nozul ɗin motarsu ya toshe ko ya mutu, aka aiki yaro Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ya samo na Beljiyam wanda ya shiga ramin daidai, soket ma ya kama, amma na wani injin ne dabam da ya fi nasu shan mai. Dukkansu ƙorafinsu ɗaya ne. Mota ta koma baƙin hayaƙi, silo, wato juyin injin lokacin da mota ke tsaye, ya lalace, fulogi na yin baƙi, mai kuma na tafiya kamar an huda tanki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, babu mai motar da zai ɗauki wannan da wasa.

Kafin mu je ko'ina, a riƙe wannan: babban nozul ba ya ƙara wa mota ƙarfi. Na san wasu za su yi musu, to ku ba ni aron hankalinku.

Injin ba fetur kaɗai yake ƙonawa ba, fetur ne da iska. Kowane giram 1 na fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, lita 1 ta fetur tana neman iska wajen lita 9,000. Kun ga ke nan abin da ke taƙaita ƙarfin injin shi ne yawan iskar da zai iya shaƙa. Fetur ba shi da wahalar ƙarawa, iska ce mai wahala. Shi ya sa ake sa turbo, don ya tura iska da ƙarfi cikin silinda. Idan iska ta ƙaru, sai a nemi fetur ɗin da zai yi daidai da ita, kuma a nan ne babban nozul yake da amfani. Amma wanda ya ƙara fetur iska na nan yadda take, ragowar man ba zai sami abin da zai ƙone da shi ba, sai ya fita ta salansa a matsayin hayaƙi.

To yaushe ne ƙaramin nozul yake gazawa da gaske? Idan injin yana juyi 6,000 a minti, kowace silinda tana da milisakan 20 ne kacal daga shan mai zuwa shan mai na gaba. Milisakan shi ne kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Masana gyaran injin ba sa son nozul ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na wannan lokaci yana buɗe, wato milisakan 16 zuwa 17. In ya kai haka kuma injin na neman ƙari, to ya ƙure, sai babba. Ana auna girman nozul da yawan sisi (cc) na man da yake fesawa a minti ɗaya, yawanci a matsin mai na ba (bar) 3. A ƙiyasi, injin mai silinda 4 marar turbo da ake so ya ba da ƙarfin doki 200 yana buƙatar nozul mai sisi 330 ko kusa da haka. Wanda ya je ya sayo mai sisi 1,000 don wannan injin, wai don gaba, ya sayo wa kansa wahala, kuma za ku ji dalili nan gaba kaɗan.

Yanzu ga gundarin maganar. Kwamfutar mota, wadda a gareji muke kira birenbos, ba ta ganin fetur. Ba ta da ma'aunin da ke gaya mata yawan man da ya shiga silinda. Lokaci kawai take ƙirgawa. Tun daga tsarin da kamfanin Bosch ya sa a motar Volkswagen a 1967 haka abin yake: a auna iskar da ke shiga, sannan a buɗe nozul na wani ɗan lokaci a rufe. A masana'anta an riga an rubuta wa birenbos girman nozul ɗin da zai yi aiki da shi, shi kuma ya yarda da wannan rubutu har ƙarshen rayuwarsa.

Ku ɗauki mai garuwa da ya saba cika jarka a famfon unguwa. Ya san in ya buɗe famfo ya ƙirga zuwa ashirin, jarka ta cika, har ba ya ma kallonta. Sai aka zo cikin dare aka sauya famfon da mai faɗin baki, ba a gaya masa ba. Gobe zai buɗe, ya ƙirga ashirin ɗinsa kamar kullum, ruwa na ta malala a ƙasa. Ƙirgarsa daidai take, famfon ne ba wanda ya sani ba.

Mu sa lamba a kai. A ce mota ta zo da nozul mai sisi 240, aka sa mata mai sisi 440. Duk buɗewa ɗaya, man da ke shiga ya ƙaru da kashi 83 cikin 100. Haɗin da ya kamata ya zama 14.7 ya faɗo wajen 8. Injin da ke shan irin wannan haɗi da ƙyar zai tashi, in ya tashi kuma zai riƙa kakkarwa yana tari.

Wani zai ce, ai malam, birenbos yana gyara kansa. Gaskiya ne, amma da iyaka. A jikin salansa akwai sensar oksijin, wadda aka fara sa wa motocin Volvo a 1976, ita ce ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa birenbos ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, shi kuma ya rage ko ya ƙara. Sai dai yawancin motoci ba sa iya wannan ragi ko ƙari fiye da wajen kashi 25 cikin 100. In birenbos ya rage iyakar ragewarsa abin bai daidaita ba, sai ya kunna wutar cek injin, in aka sa na'ura a ga lamba P0172, ma'ana mai ya yi yawa. A injin mai layin silinda biyu ana iya ganin P0175 tare da ita. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuwa, akwai lokutan da birenbos ba ya sauraron sensar kwata-kwata: lokacin tayar da mota da sanyin safiya kafin sensar ta yi zafi, da lokacin da aka take totur har ƙasa. A waɗannan lokuta abin da aka rubuta masa kawai yake bi. Shi ya sa ko da bambancin nozul ɗin kaɗan ne, za ka ga mota tana tafiya lafiya a cikin gari, amma da safe sai an sha fama, in kuma aka zo wuce tirela sai ta yi nauyi ta saki hayaƙi.

Hayaƙin nan ba shi ne babbar ɓarnar ba, abin da ido ba ya gani ya fi shi. Ragowar fetur yana wanke baƙin man da ke shafe a bangon silinda, ringi ya riƙa gogar ƙarfe a bushe. Yana kuma zirarewa ƙasa ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi, metal su rasa abin da ke kare su. Ku zaro sandar awon baƙin mai ku shinshina, in kun ji warin fetur ko kun ga man ya haura alama ba tare da an ƙara ba, to abin ya yi nisa. Sannan matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, tana ƙona ragowar man a cikinta har ta yi zafin da zai narkar da ita ta toshe. Wanda ya taɓa tambayar kuɗinta ya san abin da nake nufi.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan maganar manyan nozul. To mene ne gyaran?

Gyaran shi ne a shiga birenbos da kwamfuta a gaya masa gaskiya. Akwai manhajoji na wannan aiki, irin su Hondata na motocin Honda, da HP Tuners, da EcuTek. Ba kowane birenbos ne ke yarda a sake masa rubutu ba, shi ya sa masu motocin tsere sukan cire na asali su sa wanda aka ƙera don a saita, kamar Haltech ko MegaSquirt. Don haka tambayar farko, tun kafin a fitar da kuɗin nozul, ita ce: motar nan ana iya shiga birenbos ɗinta, kuma akwai wanda ya iya a kusa? In amsar a'a ce, a bar nozul ɗin a shago. In kuwa ana iya shiga, kafin a taɓa komai a kwafe rubutun asali a adana shi wuri biyu.

Abu na farko da za a sauya shi ne girman nozul. A misalinmu, 240 a raba da 440, ya ba da kusan kashi 55 cikin 100. Wato sabon nozul zai yi aikin tsohon a cikin rabin lokaci da ɗan ɗoriya. Wannan kowa ya gane shi, kuma a nan da yawa suke tsayawa su ce an gama. Ba a gama ba, kuma ina so makanikai su matso kusa da rediyo, domin a nan ne ake rarrabe gwani da ɗan koyo.

Nozul ba ya buɗewa nan take. A cikinsa akwai ɗan allura da sifirin ke dannewa, da naɗin waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga. Daga lokacin da birenbos ya aiko wuta zuwa lokacin da allurar ta ɗaga mai ya fara fita, akwai ɗan jinkiri, yawanci wajen milisakan 1, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Kowane irin nozul da nasa jinkirin. A babban gudu, inda nozul ke buɗe milisakan 15, kuskure kaɗan a wannan jinkiri ba zai dami kowa ba. A silo kuwa shi ne komai.

Ga yadda abin yake. A ce tsohon nozul yana samun wuta ta milisakan 3 a silo. A ciki, 1 jinkiri ne, 2 ne ainihin fesa mai. Gyara na gaskiya shi ne a ɗauki 2 ɗin nan kaɗai a rage shi zuwa kashi 55, ya zama 1.1, sannan a ɗora jinkirin sabon nozul a kai. Amma wanda bai san da jinkiri ba sai ya ɗauki 3 ɗin gaba ɗaya ya rage, ya sami 1.6. In jinkiri ya ci 1, saura 0.6 ke nan a maimakon 1.1. Mai ya yi kaɗan da fiye da kashi 40 cikin 100. Motar da jiya take hayaƙi, yau tana mutuwa a kowace danja, mai ita kuma ya rasa gane kanta, tunda a kan babban titi lafiya lau take gudu.

Jinkirin nan kuma ba lamba ɗaya ba ce, yana tafiya da ƙarfin batir. In injin na aiki, alternato na ba da wajen volt 14, nozul na buɗewa da sauri. Lokacin da ake murza makulli, wuta kan faɗo zuwa volt 10 ko 11, sai jinkirin ya ƙaru. Shi ya sa a cikin birenbos akwai jadawali guda na jinkiri a kowane matakin wuta, kuma kamfanin kirki yana sayar da nozul tare da takardar waɗannan lambobi. Ga gwaji mai sauƙi: mota na silo, a kunna fitilu da iyakwandishan da fanka gaba ɗaya, a kalli awon haɗin mai da iska. In ya karkace ya zauna a karkace, jadawalin jinkiri ne ba daidai ba. Ni a wurina, nozul ɗin da ba shi da takarda ko lambar da za a nemo bayaninsa da ita, ko kyauta aka ba ka ya yi tsada. Jabu sun yi yawa, kuma sau da yawa nozul huɗun da aka saya tare ma ba sa fesa mai daidai da juna. A ɗora su a kan injin wanke nozul a ga abin da kowanne ya tara a kwalbarsa kafin a sa su a mota.

Yanzu kun ga dalilin da na ce nozul mai girma fiye da kima wahala ne. In ya yi girma sosai, lokacin da ake buƙata a silo yakan yi gajarta har allurar ba ta gama ɗagawa ba an ce ta koma. A wannan yanki nozul ba ya da tabbas, yanzu ya ba da kaɗan, anjima ya ba da da yawa, silo ya riƙa hawa da sauka.

Akwai kuma abin da za a auna da mita tun kafin a ɗaura. Nozul iri biyu ne ta fuskar wuta: masu om 12 zuwa 16, da masu om 2 zuwa 4. In aka sa mai ƙaramin om a motar da aka ƙera don mai babba, zai ja wuta fiye da kima ya ƙona hanyar da ke cikin birenbos. Minti ɗaya ne aikin awon.

Bayan an shigar da girma da jinkiri, sai a goge abin da birenbos ya koya a baya, a bar injin ya yi zafi, a fara da silo. Daga nan a fita tafiya a hankali, ana kallon ragi da ƙarin da birenbos ke yi. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, kuma ƙaramar na'ura mai haɗuwa da wayar hannu ta isa ta nuna waɗannan lambobi. In suna yawo tsakanin ragin kashi 5 da ƙarin kashi 5, aiki ya yi kyau. In a silo ne kaɗai suka kauce, a koma kan jinkiri. In ko'ina suka kauce da kusan adadi ɗaya, lambar girman ce ke son gyara. Kada a manta da man tayarwa da na ɗumama injin, a wasu motocin jadawalinsu dabam yake, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Cikakken totur shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mai haɗari. Sensar da yawancin tsofaffin motoci ke zuwa da ita ba ta san komai ba sai sama da 14.7 ko ƙasa da shi, ba ta faɗin nawa ne. Dole a ɗaura sensa mai faɗin awo, wadda ke nuna lambar kanta. A cikakken totur ana son mai ya ɗan fi yawa da gangan, domin yana sanyaya cikin silinda: wajen 12.5 zuwa 13 a injin marar turbo, wajen 11.5 zuwa 12 a mai turbo. Mai in ya yi yawa yana kashe injin a hankali, amma in ya yi kaɗan a ƙarƙashin turbo, cikin daƙiƙoƙi fistin zai iya narkewa. Wannan gwaji wurinsa kan na'urar gwajin ƙarfin mota ne ko filin da aka killace. Don Allah kada a yi shi a titin da yara ke tsallakawa, mutum ɗaya na tuƙi yana leƙen kwamfuta.

Ina jan kunnen matasa game da saitin da ake saukowa da shi daga intanet. Wanda ya rubuta shi wataƙila a Jamus yake ko Ingila, da fetur mai lambar oktan 98 da iska mai sanyi. Man da muke sha a gidajen mai bai kai wannan lamba ba, kuma a Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Iska mai zafi da mai marar ƙarfin lamba su ne ke sa haɗin ya fashe da kansa kafin lokacinsa, ka ji injin na ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a ciki. Saitin taimin da ya zauna lafiya a can, a nan yana iya fasa fistin.

Sai dabarun gajeren zango, waɗanda na san ana yi. Wasu sukan rage matsin famfon mai don babban nozul ya rage fesawa. Lissafin ba ya goyon bayansu: kafin man ya ragu da rabi, sai an mayar da matsin kashi ɗaya cikin huɗu, daga ba 3 zuwa ƙasa da ba 1, kuma a wannan matsi nozul ba feshi yake yi ba, tsiyaya yake. Ta ɗaya gefen dai dabarar tana da ɗan amfani, domin ɗaga matsi daga ba 3 zuwa 4 yana ƙara mai da wajen kashi 15 cikin 100, wanda kan ishi mai ƙaramar buƙata in famfonsa zai iya, ko da yake shi ma sai an gaya wa birenbos. Wasu kuma sukan yaudari sensar iska, su sa ta faɗi ƙasa da abin da ke shiga don birenbos ya rage mai. Mai zai ragu, amma birenbos zai ɗauka injin ba ya ɗauke da nauyi, sai ya gabatar da taimin, ƙwanƙwasa ta biyo baya a daidai lokacin da ake tsananin gudu.

Duk wannan bayani na injin fetur ne mai fesa mai a bakin bawul. Injin dizal da masu fesawa kai tsaye cikin silinda matsinsu ya ninka wannan sau da yawa, tsarinsu dabam ne, za mu ware musu rana.

Wajen ɗaurawa, a sauke matsin mai kafin a kwance bututu, a cire kan batir, a sa sababbin robobi a shafa musu ɗan baƙin mai don kada su yage. A murza makulli ba tare da tayarwa ba, a duba ko akwai yoyo, abin kashe gobara na kusa. In motar ta riga ta yi kwanaki tana hayaƙi, a juye baƙin mai a sa sabo, a duba fulogi.

Ku kuma 'yan uwa masu motar haya da ta gida, waɗanda ba tsere ya kai ku ba, kuskuren kasuwa ne, ba ku da buƙatar mai kwamfuta. A jikin kowane nozul akwai lambar kamfani. A zaro ɗaya, a karanta, a gwada da lambar da ta dace da injin ɗinku, ba da sunan motar kaɗai ba, domin Camry ɗaya tana iya zuwa da injin iri biyu ko uku. Kalar nozul da shigarsa rami ba hujja ba ne. In lambar ta saɓa, a mayar a karɓo na daidai, kuma a riƙe tsohon a hannu lokacin zuwa kasuwa. Oga, in za ka aiki yaro, rubuta masa lambar a takarda.

Lokaci ya cim mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. A sauka lafiya.